Yadda Sinawa Suka Fara Binciken Gawa Don Shari'a: Tambayoyi da Amsoshi

Duk wanda ya taɓa zama a kotu ya ga an ɗage shari'ar kisa ana jiran rahoton likita ya san nauyin takardar nan. Shafi ɗaya ce ko biyu, amma ran mutum na rataye a jikinta. Wannan aiki na duba gawa don a gaya wa alƙali abin da ya yi ajalin mai ita ya daɗe a duniya, kuma littafi mafi tsufa da ya iso hannunmu wanda ya tsara shi daki-daki a ƙasar Sin aka rubuta shi, a 1247, kuma marubucinsa shi ne Song Ci. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan wannan tarihi.

Yaushe Sinawa suka fara duba gawa saboda shari'a?

Tun kafin haihuwar Annabi Isa (AS) da fiye da shekara 200, kuma ba ji-ta-ji-ta ba ce, akwai takardun. A ƙarshen 1975 aka tono wani kabari a Shuihudi, cikin gundumar Yunmeng ta lardin Hubei. Kabarin wani ma'aikacin hukuma ne mai suna Xi, wanda ya rasu a shekara ta 217 kafin haihuwar Annabi Isa, a zamanin daular Qin. An binne shi da kayan aikinsa: faifayen gora fiye da 1,100, an rubuta dokoki da ƙa'idojin aiki a jikinsu. A cikinsu akwai wani sashe da ake kira Fengzhenshi, wanda ke koya wa ma'aikaci yadda zai rubuta rahoto idan an aike shi wurin da aka yi ɓarna ko aka tsinci gawa.

Me waɗannan faifaye suka ƙunsa?

Misalan rahoto ne, kamar dai a ce ga samfuri, ka bi shi. Akwai na wanda aka kashe da makami, akwai na matar da ta yi ɓari bayan an doke ta a faɗa, akwai na wanda ake zargin yana da kuturta aka kira mai magani ya duba shi, akwai na ɓarawon da ya fasa bango aka auna sawun hannunsa da gwiwarsa da takalminsa.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na wani mutum da aka samu a rataye cikin ɗaki. Mai rahoton ya faɗi kaurin igiyar, ya ce kamar babban yatsa. Ya auna tazarar da ke tsakanin kan mamacin da itacen rufin da aka ɗaura igiyar, ya auna tazarar ƙafarsa da ƙasa. Ya rubuta cewa harshen ya fito daidai leɓe, cewa bawali da bayan gida sun ɓata ƙafafunsa, cewa da aka kwance igiyar iska ta fita ta baki da hanci kamar ajiyar zuciya, kuma tabon igiyar bai haɗe a ƙeya ba, akwai ɗan gibi. Daga nan sai aka ja kunnen ma'aikaci: idan bai ga waɗannan alamu ba, kada ya yi gaggawar cewa rataye kai ne, ya tambayi mutanen gidan dalilin da zai sa mutumin ya kashe kansa.

A farkon sashen kuma an rubuta cewa mafi kyawun bincike shi ne wanda aka kai ga gaskiya ta bin diddigin magana ba tare da duka ba, kuma samun amsa da bulala shi ne mataki na ƙasa. Daular Qin ta yi suna wajen tsananin hukunci, amma ko ita ta san cewa wanda ya sha duka zai iya amsa laifin da bai yi ba.

Gaskiya ne wani alƙali ya ƙona aladu don ya gano mai kisa?

Haka aka ruwaito. Zhang Ju hakimin wata gunduma ne a masarautar Wu ta ƙasar Sin, a ƙarni na 3. Gida ya ƙone da maigida a ciki, matar ta ce gobara ce, dangin miji suka ce ita ta kashe shi sannan ta cinna wuta. Hakimi ya sa aka kawo aladu biyu, aka kashe ɗaya aka bar ɗaya da rai, aka ƙona su tare. Da aka buɗe bakunansu, wanda ya shiga wuta da ransa aka sami toka a bakinsa, ɗayan kuwa babu. Aka duba bakin mamaci, babu toka. Matar ta amsa.

Labarin ya zo ne a tarin shari'o'in da He Ning da ɗansa suka haɗa a ƙarni na 10, wato ɗaruruwan shekaru bayan faruwarsa, don haka ruwaya ce. Sai dai ilimin da ke ciki na nan daram. Har yau likitan binciken gawa na duba maƙogwaron wanda aka samu a gobara ya ga ko ya shaƙi hayaƙi, domin gawa ba ta numfashi.

Me ya sa hukuma ta damu da auna rauni har haka?

Saboda hukunci ya rataya ne a kan irin raunin. Kundin dokokin daular Tang, wanda aka kammala sharhinsa a 653, ya bambanta raunin hannu da na sanda da na wuƙa, kowane da hukuncinsa. Ya kuma sa wa'adin jira: kwana 10 idan da hannu ko ƙafa aka yi dukan, kwana 20 idan da wani abu ne, kwana 30 idan da makami mai kaifi ne ko wuta ko tafasasshen ruwa, kwana 50 idan ƙashi ya karye. In wanda aka ji wa ciwo ya mutu sanadin raunin cikin wa'adin, kisa ne. Wannan ya sa wanda ya yi dukan shi ne kan gaba wajen nema wa abokin faɗansa magani.

Ɗaliban fiƙihu ba za su ji wannan baƙo ba. A babin jinaya ana rarrabe raunin da ya tona ƙashi da wanda ya gusar da shi da wanda ya kai cikin ciki, kowane da diyyarsa, kuma a mazhabar Malikiyya ana jiran rauni ya warke kafin a yanke diyyarsa. Kowane ɓangare da tushensa daban, amma duk dokar da ta ce hukunci ya bi girman rauni dole ta nemi wanda zai tsuguna ya duba raunin.

A zamanin daular Song abin ya ƙara tsari. Doka ta wajabta a duba gawar duk wanda ya yi mutuwar da ake shakka, sau da yawa har sau biyu, na biyun ta hannun wani jami'i daban. A 1174 aka fito da takardar cikewa ta bai ɗaya, a 1211 kuma aka ƙara zanen jikin mutum gaba da baya, inda ake sa alama a daidai wurin rauni.

To wane ne Song Ci?

An haife shi a 1186 a Jianyang, lardin Fujian, ya rasu a 1249 a Guangzhou. Ya ci babbar jarrabawar shiga aikin gwamnati a 1217. Ba likita ba ne. Jami'in shari'a ne wanda ya riƙe muƙamin babban mai duba shari'o'in laifi a larduna, ciki har da Guangdong da Jiangxi da Hunan. Aikinsa shi ne bin diddigin hukuncin da ƙananan hakimai suka yanke. Abokinsa da ya rubuta tarihin rayuwarsa ya ce da ya isa Guangdong ya tarar da mutane sun yi shekaru a kurkuku ba a yanke musu hukunci ba, cikin wata 8 ya kammala manyan shari'o'i fiye da 200.

Wanda ya karanta ɗaruruwan rahotanni irin waɗannan shi ya san inda gizo ke saƙar. Ya ga hakimai sababbin shiga da ba su taɓa ganin gawa kusa ba, ya ga ma'aikatan da ake toshe wa baki, ya ga rahotannin da aka rubuta daga nesa. Daga nan littafinsa ya fito.

Me sunan littafin ke nufi, kuma me ke cikinsa?

Sunansa Xi Yuan Ji Lu, ma'ana tarin bayanai na wanke wanda aka zalunta. Sunan kaɗai ya nuna inda zuciyar marubucin take: ba sha'awar sanin jikin ɗan Adam ce ta kai shi ba, tsoron a kashe mara laifi ne. A gabatarwa ya ce a cikin shari'a babu abin da ya kai hukuncin kisa nauyi, a hukuncin kisa babu abin da ya kai bayanan farko, a bayanan farko kuwa babu abin da ya kai duba gawa.

Littafin juzu'i 5 ne, babi 53. Ya fara da dokokin aikin, sannan ya bi nau'o'in mutuwa ɗaya bayan ɗaya: rataya, shaƙewa, nutsewa, duka, sara, ƙuna, guba, faɗowa daga sama, harbin doki, saran maciji, har da mutuwa bayan bulalar hukuma. Ya yi bayanin yadda gawa ke sauyawa a lokacin zafi da lokacin sanyi. A ƙarshe ya kawo hanyoyin ceto wanda aka samu da sauran numfashi. Shi da kansa ya faɗa cewa ya tattaro daga littattafan magabata ya ƙara da abin da ya gani da idonsa.

Labarin lauje da ƙudaje fa?

Shi ne ya fi shahara cikin labaran da littafin ya kawo, kuma ya cancanta. An tsinci gawar wani mutum a gefen hanya da sara fiye da 10, duk na lauje. Da farko aka ce 'yan fashi ne. Mai bincike ya duba ya ga kayan mamaci da tufafinsa ba a taɓa su ba, ya ce ɗan fashi kaya yake so, wannan sara na mai ƙiyayya ne. Ya tambayi matar mamacin ko mijinta na da abokin gaba. Ta ce babu, sai dai wani ya zo neman rance kwanan baya bai samu ba, har suka yi cacar baki.

Sai ya sa aka yi shela kowa a unguwar ya kawo laujensa, wanda ya ɓoye nasa shi ne mai laifi. Aka jera lauje 70 zuwa 80 a ƙasa, ana tsananin zafi. Duk a wanke suke, ido ba ya ganin komai. Can sai ƙudaje suka yi dandazo a kan guda ɗaya. Aka tambayi mai shi, sai ga shi mutumin nan ne da aka hana rance. Ya yi musu, aka nuna masa laujensa da ƙudaje a kai, sauran kuwa fayau. Ya buga kansa a ƙasa ya amsa.

Masu nazarin ƙwari don shari'a kan ambaci wannan a matsayin mafi tsufan misali a rubuce. Amma a lura, ƙudaje ba su ne suka fara aikin ba. Kafin su, akwai mutumin da ya lura ba a saci komai ba, ya kuma san tambayar da zai yi wa matar.

Idan ba likitoci ba, su wa ke taɓa gawar?

Wasu ma'aikata da ake kira wuzuo. Asalinsu masu sana'ar shirya gawa da binnewa ne, kuma al'umma ba ta ɗauke su da daraja ba. Su ke wanke gawa, su juya ta, su auna rauni, su faɗa da ƙarfi a gaban jama'a magatakarda na rubutawa. Idan gawar mace ce, ungozoma ake kira ta duba abin da ya shafi ciki da al'aura. Hakimi shi ke sa hannu, kuma shi ake hukuntawa idan rahoto ya zama ƙarya.

Nan ne Song Ci ya fi zafi. Ya soki jami'an da ke tsayawa nesa suna toshe hanci, su bar komai a hannun ma'aikacin da ƙila an riga an saye shi. Ya ce jami'i ya je da wuri, ya matso kusa, ya gani da idonsa, kada ya sauka a gidan wanda ke da alaƙa da shari'ar, kada ya bar ma'aikatansa su keɓe da mutanen gari. Don wari kuwa ya ba da dabara: a ƙona wasu itatuwa masu ƙamshi, a shafa man riɗi a hanci, a sa ɗan citta a baki. A ganina wannan babin ya fi duk dabarun littafin daraja.

Yaya suke gano raunin da ba ya fitowa fili?

Da kayan da ke cikin kowane ɗakin girki. Ana wanke gawa da ruwan ɗumi, a lulluɓe ta da dusar giya da ruwan khal, a rufe na ɗan lokaci don tabon da ya ɓuya ya taso. Akwai kuma masu shafa ɓawon wani itace a jiki don fata ta yi baƙi kamar an doke su, a ɗora wa abokin gaba. Song Ci ya ce a danna da yatsa: duka na gaske yana da kumburi da tauri, na ƙarya launi ne kawai.

Idan ƙasusuwa kaɗai suka rage, aikin ya fi tsawo. A wanke su, a jera su a kan tabarma yadda suke a jiki. A haƙa rami a hura wuta a ciki har ƙasa ta yi ja, a kwashe wutar, a zuba giya da ruwan khal, a sa ƙasusuwan cikin tururin a rufe. In ramin ya huce a fito da su rana, a riƙe jar laima ta takarda mai mai a samansu, a duba. Inda aka ga jan tabo ya shiga ƙashi, ana ɗauka an yi raunin mutum na da rai. Laimar tana tace hasken rana ne, kamar yadda masu bincike na yau ke haska fitila mai launi don abin da ido bai gani ba ya fito.

Yaya suke bambanta kisa da haɗari ko kashe kai?

Tambaya ɗaya ce ake maimaitawa: abin ya same shi yana da rai ko bayan ya mutu? Wanda ya rataye kansa, tabon igiya na hawa ta bayan kunnuwa kuma ba ya haɗewa a ƙeya. Wanda aka shaƙe sannan aka rataye, tabon ya zagaye wuya, sau da yawa da yaƙushi a wuyan inda ya yi ƙoƙarin ɓamɓare igiyar. Wanda ya nutse da ransa ana samun kumfa a hanci da baki, da yashi ko laka a farcensa. Saran da aka yi wa mai rai bakinsa na buɗewa da jini, wanda aka yi wa gawa fari ne. Ya ma ce a warware gashin kai a duba tsakiyar kai, domin akan buga wa mutum ƙusa a nan gashi ya rufe.

Suna feɗe gawa?

A'a. Duk binciken daga waje ne. A tarbiyyar Sinawa jiki amana ce daga iyaye, ɓata shi rashin biyayya ne, kuma dangi ba sa yarda. An taɓa feɗe gawarwakin waɗanda aka zartar wa hukuncin kisa, kamar a 1045 a Guangxi inda aka zana kayan cikinsu, amma wannan bai shiga aikin shari'a ba. Saboda haka duk abin da ya faru a cikin jiki, kamar zubar jini a ƙwaƙwalwa ko tsayawar zuciya, sai dai a yi hasashe.

Akwai kurakurai a littafin?

Akwai, kuma ba ƙanana ba. Ya ce ƙasusuwan mutum 365 ne daidai da kwanakin shekara, alhali na baligi 206 ne. Ya ce ƙashin namiji fari ne na mace kuwa ya fi duhu. Ya kawo cewa idan aka ɗiga jinin ɗa a kan ƙashin mahaifinsa zai shige ciki, in ba ɗansa ba ne ba zai shige ba. Wannan ba gaskiya ba ne, tsohon ƙashi mai ƙofofi kowane jini zai sha.

Mafi haɗari shi ne gwajin guba. Ana sa tsinken azurfa a maƙogwaron gawa a rufe bakin, in an ciro shi ya yi baƙin da ba ya wankuwa, sai a ce guba ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki: gubar arsenik ta wancan zamani na gauraye da farar wuta, ita kuwa tana baƙanta azurfa. Matsalar ita ce gawar da ta fara ruɓewa tana fitar da iska mai irin wannan sinadari ko da mutum bai sha komai ba.

Wannan kuskure ya taɓa cutar da wani?

Ƙwarai. A 1873 wani mai aiki a shagon awara, Ge Pinlian, ya mutu ba zato a Yuhang, lardin Zhejiang. Gawar ta fara sauyawa kafin a duba ta. Ma'aikacin ya sa tsinken azurfa ya fito da baƙi, bai ko wanke shi yadda littafin ya ce ba, aka rubuta guba. Aka kama matar mamacin tare da wani mai ilimi mai suna Yang Naiwu, wanda ake gulmar yana nemanta. Aka azabtar da su har suka amsa, aka yanke musu hukuncin kisa. 'Yar'uwar Yang da matarsa suka kai kuka har Beijing, jaridar Shen Bao ta Shanghai ta riƙa bin maganar. A farkon 1877 aka buɗe akwatin gawar a Beijing, aka duba ƙasusuwan, aka ce babu guba. Aka sake su, aka tsige jami'ai da dama.

Abin da ke damuna shi ne ko binciken da ya kuɓutar da su, launin ƙashi aka duba, ma'aunin da shi ma ba abin dogaro ba ne. A lokacin littafin ya zama doka. Daular Qing, mai mulkin Sin a lokacin, ta fitar da bugu na hukuma, rahoton da ya saɓa masa ba ya karɓuwa cikin sauƙi. Littafin da aka rubuta don jami'i ya matso ya gani da idonsa ya koma abin da ake haddacewa.

Turawa ba su riga Sinawa ba?

Akwai abubuwa ɗaiɗaiku da suka gabata. Da aka kashe Julius Caesar a Roma a shekara ta 44 kafin haihuwar Annabi Isa, wani likita ya duba raunukansa 23 ya ce ɗaya ne kawai na kisa. Amma cikakken littafi sai daga baya: na Fortunato Fedele a Italiya ya fito wajen 1602, na Paolo Zacchia ya fara fitowa a 1621. Song Ci ya riga su da fiye da shekara 350. Inda Turawa suka sha gaba shi ne feɗe gawa, wanda aka yi don shari'a a Bologna ta Italiya tun 1302, da kuma miƙa aikin ga likitoci.

Ina littafin ya kai, kuma yaushe aka ajiye shi?

A 1308 Wang Yu ya rubuta wani littafi a kan tushensa, wanda Koriya ta yi wa sharhi a ƙarni na 15 ta riƙa aiki da shi a kotunanta, Japan kuma ta fassara a ƙarni na 18. An fassara bugun baya na Xi Yuan Ji Lu zuwa harshen Holan a 1863, Herbert Giles ya mai da shi Turanci a 1874, sannan Brian McKnight ya fassara ainihin na Song Ci a 1981.

A ƙasar Sin kanta an yi aiki da shi sama da shekara 600. Bayan faɗuwar sarauta, a 1913 aka kafa dokar da ta halatta feɗe gawa. A 1932 aka buɗe cibiyar binciken gawa ta zamani a Shanghai ƙarƙashin Lin Ji, likitan da ya yi karatu a Jamus. A gundumomin da ke nesa da manyan birane kuwa, tsofaffin ma'aikatan gawa sun ci gaba da zuwa da tsinken azurfa da laima har shekaru bayan haka.